Amsa ga Alhaji kan maganar yaro da ƙwallon Amurka

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhaji, na ga saƙonka tun daren jiya, ban samu zama ba sai yanzu da na taso daga aiki, shi ya sa na ce gara in yi murya, don rubutu ba zai ɗauki maganar ba. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, Alhaji ne ya ce kocin makarantarsu yaronsa, a nan Amurka, ya ga yaron da jiki yana so ya sa shi a ƙwallon Amurka, a gurbin da suke kira lainbaka. Alhaji kuma ya ce ai tunda suna sa hular kwano da sulke a kafaɗa, abin ya fi damben gargajiya aminci. To a nan ne na ce a'a Alhaji, a dakata tukuna.

Wato wasan nan, sunansa ne kawai ƙwallon ƙafa, amma da hannu ake yinsa. Ƙwallon ma kamar gwanda take. Mutum 11 nan, 11 can. Masu ƙwallo ana ba su dama 4 su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa. Su masu tsaro, akwai ƙattai a sahun gaba, sai waɗanda ke can baya masu gudu, a tsakiya kuma lainbaka. Aikinsa ya karanci inda ƙwallo za ta bi, ya kwaso a guje ya yi karo da mai ɗauke da ita ya kai shi ƙasa. Karon nan shi ne sana'ar, Alhaji, ba wai tsautsayi ba ne da ke faruwa jefi-jefi. Na taɓa raka maƙwabcina kallon wasan ɗansa na sakandare wani daren Juma'a, muna tsaye dab da layin fili. Abin da talabijin ba ta kawo maka shi ne ƙarar. Ƙwas! kamar an haɗa tukwane biyu. Yaran su tashi su koma layi, bayan daƙiƙa talatin a sake. Ni tun ranar na daina ganin hular nan da daraja irin ta da.

Bari in ba ka labarin mutum ɗaya, shi ya fi duk bayanin da zan yi. Junior Seau, ana faɗin sunan Seyau. An haife shi a 1969, ya tashi a Oceanside, wani gari a bakin teku kusa da San Diego a jihar Kalifoniya. Iyayensa 'yan tsibirin Samoa ne, talakawa, gidan ya yi musu kaɗan har shi da 'yan'uwansa maza a garejin mota suke kwana. Jiki kam Allah ya ba shi, kilo 113 ko kusa da haka, ga tsawo, ga gudu kamar ba shi ke ɗauke da nauyin ba. Ya yi jami'ar USC a Los Angeles, a 1990 ƙungiyar garinsu, San Diego Chargers, ta ɗauke shi, shi ne na 5 a duk zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Ka ga ɗan gida ya dawo gida ke nan, lamba 55 a bayansa.

Shekara 13 ya yi a Chargers, sannan 3 a Miami, sannan 4 a New England. Kaka 20 cif, wasa 268, a wasan da yawancin mutane ba sa kai shekara biyar. Sau 12 a jere ana zaɓensa cikin gwanayen shekara. Mutanen San Diego har yau suna ba da labarin wasan da suka yi da Pittsburgh a Janairun 1995, wanda ya kai su wasan ƙarshe, Super Bowl. Ya shiga da jijiyar wuya a danne, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa sosai, amma sai da ya kayar da mutum sau 16. Ana faɗin wannan a matsayin jarumta, kuma jarumtar ce. Sai dai ka riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa. Kofin bai samu ba, San Francisco ta lallasa su 49 da 26. Ya sake zuwa da New England a farkon 2008, bayan sun ci duk wasanninsu 16 na kakar 2007, New York Giants ta ƙwace a mintin ƙarshe, 17 da 14. Rabon ne babu.

Mutum ne mai kyauta, yana da gidauniyar taimakon yara, yana da gidan abinci da sunansa, kowa nasa ne. Ya ajiye wasa bayan kakar 2009. Daga nan iyalinsa suka ce mutumin ya fara sauyawa, barci ya ƙaurace masa, ga mantuwa, ga saurin fushi, ya riƙa janye jiki daga 'ya'yansa. Ranar 2 ga Mayu 2012 aka same shi a gidansa na Oceanside ya kashe kansa, yana da shekara 43. Innalillahi. Iyalin suka ba da ƙwaƙwalwarsa aka bincika a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, a Janairun 2013 sakamako ya fito cewa yana da cutar da ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai ke kawowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Alhaji, a duk shekara 20 ɗin nan ba a taɓa rubuta sunansa a jerin masu rauni da cewa ya bugu a ka ba. Ko sau ɗaya. Mutumin da ya yi wasa da hannu ɗaya, kana ganin zai je ya ce wa likita kaina na juyawa? Haka tarbiyyar wasan take, namiji ba ya cewa wayyo. Mu ma ai mun san wannan a gida, ɗan dambe ba ya nuna an ji masa.

Yanzu maganar hula. Ka ɗauki ƙwarya ka zuba kindirmo, ka rufe ta da faifai, ka naɗe ta da bargo, sai ka girgiza. Ƙwaryar ba za ta fashe ba, amma kindirmon fa? To haka ƙwaƙwalwa take, tana lilo ne a cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Hular kwano tana hana ƙoƙon tsagewa, wannan gaskiya ne, amma in kai ya tsaya cak bayan gudu, abin da ke ciki sai ya bugi bango. Kuma ba sai an suma ba, ƙananan karon nan na kullum, na atisaye da na wasa, su ne ke taruwa. Har ma hular kan ba yaro ƙarfin halin sa kai a inda da babu ita ba zai sa ba.

Kuma wanda ya fara tono wannan a 'yan wasan Amurka ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, ɗan Anambra, likitan binciken gawa a Pittsburgh. A 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Steelers da ya rasu yana shekara 50 bayan rayuwarsa ta tarwatse. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau, sai da ya yanka ta ya duba a madubin likita ya ga irin tabon da tun 1928 aka san alamunsa a jikin 'yan damben boksin. Ya wallafa a 2005, likitocin hukumar wasan, NFL, suka nemi a janye takardar. Sai a 2016 wani babban jami'insu ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa. Kafin nan, a 2013, sun amince su biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 da suka kai ƙara. Ka ga Alhaji, damben da ka kwatanta da shi, ashe gida ɗaya suka fito.

Amma kada in cika gishiri. Za ka ji ana cewa a 2017 jami'ar Boston ta duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, ta sami cutar a 110. Haka ne, sai dai iyalan da suka ga alamu ne suka fi kai gawar nasu, don haka ba a ce kowane ɗan wasa zai kamu ba. Yaron sakandare kuma ba ɗaya yake da wanda ya yi shekara 20 ba, tsawon shekarun da aka yi ana karon shi ne babban abin dubawa. Yanzu ma an sauya dokoki, an hana kai hari da tsakar ka, wanda ya bugu ana fitar da shi. Duk da haka wasu da kansu suka ajiye, Chris Borland a 2015 yana shekara 24 bayan kaka ɗaya tak, Luke Kuechly a 2020 yana 28 alhali yana cikin gwanayen gurbin. Dukansu lainbaka ne.

Ni dai in ɗana ne, zan fi so ya yi kwando ko gudu, su ma ana samun tallafin karatun jami'a da su. In kuma yaron ya nace, to kai da Hajiya ku je ku ga kocin ido da ido. Ku tambaye shi sau nawa a mako ake atisayen karo, akwai ma'aikacin lafiya a bakin fili ko babu, kuma wa ke da ikon cewa yaro ya koma wasa bayan ya bugu, likita ko koci. Shi kuma yaron ka zaunar da shi ka ce masa duk ranar da ya ga jiri ko haske na damun idonsa, kai zai fara faɗa wa, ba za a kira shi rago ba.

Af, na manta, Seau an sa shi a zauren gwarzayen wasan da ke Canton, jihar Ohio, a 2015, 'yarsa ce ta tsaya a madadinsa. Bari in tsaya haka, muryar ta yi tsawo, ga la'asar na neman wuce ni. Alhaji ka ba yaron lambata, in ya taso makaranta ya kira ni mu yi magana. A gaida Hajiya.