Likita Ya Amsa: Tiyata ga Yaron da Aka Haifa da Murɗaɗɗiyar Ƙafa

Likita, mako uku ke nan da na haihu, kuma duka ƙafafun jaririn sun murɗe ciki. Surukata ta ce a kai shi wurin mai ɗori, a asibiti kuma an ce za a sa masa siminti sannan a yanka jijiya. Shin dole ne sai an yi tiyata? Daga wata uwa a Zariya.

Malama, Allah ya raya. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da wannan lalura, ta fi yawa ga maza, kuma kusan rabinsu ƙafafu biyu take shafa. Ba karaya ba ce, ba kuma shan inna ba, saboda haka ɗori ba zai gyara ta ba.

Hanyar da aka tsara miki ita ce ta Dakta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka, wadda ya wallafa sakamakonta a 1963. Kowane mako ana miƙar da ƙafar a hankali da hannu, a sa siminti daga yatsu zuwa cinya, yawanci sau 5 zuwa 8. Siminti yana gyara karkatar, amma dunduniya takan ƙi saukowa domin jijiyar agara ta gajarta, shi ya sa wajen yara 8 cikin 10 suke buƙatar a yanke ta. Aiki ne na 'yan mintuna, galibi da maganin kashe zafi a wurin kawai, kuma cikin mako 3 da za a bar simintin ƙarshe jijiyar take haɗewa da tsawon da ake so. Abin da ya fi yankan jijiyar wahala ga iyaye shi ne takalmi mai sandar ƙarfe da zai biyo baya: awa 23 a rana har wata 3, sannan lokacin barci har yaron ya kai shekara 4 ko 5.

Ɗiyata mai shekara 4 an yi mata siminti tana jaririya ta warke, amma yanzu tana taka gefen ƙafa. Daga wani uba a Maraɗi.

Malam, wannan dawowar lalurar ce, kuma mafi yawan lokaci tana biyo bayan ajiye takalmin da wuri. Za a fara da sabon siminti, idan kuma aka ga ƙafar tana juyawa ciki duk lokacin da ta ɗaga ta, sai a ciro jijiyar da ke jan ta ciki a dasa ta a ƙashin tsakiyar ƙafa. Ana jinkirta wannan aiki sai yaro ya kai shekara 3 ko kusa da haka, lokacin da ƙashin ya yi ƙwari, kuma ana barin siminti kimanin mako 6. Asibitin yara na CURE da ke Yamai yana irin wannan aiki.

Me ya sa ba za a yi babbar tiyata sau ɗaya a huta ba? Kuma ƙanena mai shekara 12 da ba a taɓa yi wa magani ba, yana da sauran dama? Daga wata ɗaliba a Kano.

A da haka ake yi: a buɗe bayan ƙafa da gefenta, a saki jijiyoyi da gaɓoɓi kafin yaro ya cika shekara. Ƙafar takan miƙe a ido, amma da yaran suka girma an ga da yawansu suna fama da sandarewa, rauni da ciwon gaɓa. A ganina, bai kamata a yi wa jariri wannan aiki ba sai an gwada siminti yadda ya dace ya gaza.

Ƙanenki yana da dama. Ko a shekarunsa ana fara siminti domin rage girman aikin, sannan a yanka ƙashi a daidaita shi, ko a ɗaura zoben ƙarfe na Ilizarov wanda ake juya kusoshinsa kaɗan-kaɗan kullum, ko kuma a haɗe gaɓoɓi uku na bayan ƙafa, aikin da ake jinkirtawa sai ƙashi ya kusa gama girma. Ƙafar ba za ta lanƙwasa kamar ta kowa ba, amma zai taka tafinsa, ya sa takalmi. Ki kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoton ƙafar, daga nan za a san wanda ya dace da shi.