Zane a Ƙarƙashin Tanti, Farashi Dala 4,000: Tsuga Ne ko Daraja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na halarci wani baje kolin zane-zane da ake yi a fili a Amurka, irin wanda ake rufe tituna a kakkafa fararen tantuna. Wani zane ya burge ni, girmansa bai wuce na tagar ɗaki ba, amma takardar da ke gefensa ta ce dala 4,000. Mutanen da ke kusa da ni sai gunaguni suke yi, har na ji wani yana cewa 'yarsa ta firamare za ta iya yin irinsa. Shin masu zanen nan tsuga kuɗi kawai suke yi don sun ga masu hali, ko akwai abin da idona bai gani ba? In kuma na saya, kuɗina zai dawo wata rana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tambaya biyu kika haɗa, kuma kowace da amsarta. Ta farko, galibi ba tsuga ba ne. Ta biyu kuwa, kada ki sa rai. Da yawa za su ce amsoshin nan sun ci karo, tunda in farashin na gaskiya ne ai ya kamata kaya ya riƙe darajarsa. A harkar zane abin da ya sa kaya ya yi tsada daban, abin da zai sa wani ya saye shi daga hannunki daban.

Mu fara da tantin kansa, don shi ne tushen gunagunin da kika ji. Mutum ba ya auna farashi da zanen da ke gabansa kaɗai, yana auna shi da wurin da ya gan shi. Da a cikin wani zaure mai farin bango da sanyin na'ura aka rataye zanen nan, ba wanda zai ɗaga gira don ya ga dala 4,000. Amma a kan titi, cikin rana, ga mai sayar da lemo a gefe ga yara na guje-guje, ido ya riga ya yanke cewa nan wurin kayan araha ne. A watan Oktoba na 2013 mai zanen nan na Birtaniya da ake kira Banksy ya gwada wannan a fili. Ya sa wani dattijo ya kafa teburi kusa da Central Park a New York, yana sayar da zane-zanensa na asali, masu sa hannunsa, kan dala 60 kowane. Aka wuni mutane na wucewa. Mutum 3 kacal suka saya, ɗaya ma sai da ta nemi a yi mata rabin kuɗi, cinikin ranar gaba ɗaya ya tsaya a dala 420. A 2014 aka yi gwanjon biyu daga cikinsu a gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan kan kusan fam 125,000. Zanen bai canza ba ko da ɗigo ɗaya.

Sai dai tantin da kika shiga ba irin na wanda ya ga fili ya shimfiɗa kaya ba ne. Manyan bukukuwan nan, irin su na Ann Arbor a jihar Michigan da aka fara a 1960, ko Plaza Art Fair na Kansas City da ya faro tun 1932, ko Cherry Creek na Denver da aka fara a 1991, duk sai an tantance mutum kafin ya samu gurbi. Mai zane zai tura hotunan aikinsa, yawanci 4, da hoton yadda yake tsara rumfarsa, ya biya kuɗin nema wanda ba a mayarwa, sannan wasu alƙalai su duba ba tare da sun ga sunansa ba. A Cherry Creek masu nema kan kai wajen 2,000, gurbi kuwa kimanin 250 ne. Wanda ya shiga bana ba shi da tabbacin baɗi. Dokokinsu kuma galibi sun tilasta cewa wanda ya yi aikin da hannunsa shi zai tsaya a rumfar, kuma an haramta saro kayan masana'anta a zo a sayar da sunan aikin hannu. Wato mutumin da kika gani zaune a kujera yana fifita ya doke mutum shida ko bakwai kafin ya samu wannan ɗan fili mai ƙafa 10 tsawo ƙafa 10 faɗi.

Filin kuma ba kyauta ba ne. Kuɗin rumfa na kwana biyu ko uku kan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu a manyan wurare. Ki ƙara man mota na tafiyar ɗaruruwan kilomita, da otal, da inshora, da tantin kansa da nauyin da ake ɗaure wa ƙafafunsa don kada iska ta kwashe shi, da firam, da kusan kashi 3 cikin 100 da kamfanin katin banki ke cirewa a kowane ciniki. Ki ƙara kuɗin neman gurbi a duk wuraren da aka ƙi shi. In aka wayi gari da hadari ranar Asabar, kuɗin rumfa ya tafi ke nan. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: cikin zane 30 da aka rataye, wataƙila 4 ko 5 ne za su fita a ƙarshen makon. Waɗannan su ne ke ɗaukar nauyin sauran, har da waɗanda suka lalace a ɗakin aiki ba su taɓa ganin rana ba.

Akwai wata hujja da masu saye kan kawo, wadda a kunne tana da daɗi. Dillalan zane masu shago kan karɓi rabin kuɗin kowane zane a matsayin la'ada, to tunda a nan babu dillali, ai ya kamata a sayar da rabin farashi. Matsalar ita ce aikin da dillalin ke karɓar rabi saboda shi, wato haya da talla da jigila da tsayuwa da baƙi, bai ɓace ba, mai zanen ne ya ɗora wa kansa. Ban da haka, in yana da dillali a wani gari da ke sayar da irin zanen kan dala 4,000, ranar da ya sayar da shi 2,000 a titi ya ci amanar dillalin da duk wanda ya taɓa saye a can. Labari irin wannan ba ya ɓuya a wannan sana'a.

Tambayar da masu zane suka fi ji a rumfa, kuma suka fi jin haushinta, ita ce "awa nawa ka yi kana yin wannan?" Mai tambayar lissafin lada yake yi a zuci, yana raba farashi da awanni. Ba laifinsa ba ne, haka tunanin ɗan Adam yake aiki. A wani bincike da Justin Kruger da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, an ba mutane rubutacciyar waƙa guda ɗaya, aka ce wa wasu awa 4 aka yi ana rubuta ta, wasu kuma aka ce musu awa 18. Waɗanda aka gaya wa 18 suka fi yaba ta, suka fi sa mata kuɗi. Shi ya sa zane mai ƙananan bayanai, wanda ake ganin kowace ganye da kowane gashi, ba ya shan musu a kan farashi, amma wanda aka yi da jan buroshi kaɗan yakan sha. Rigimar ta tsufa. A 1877 mai sharhi John Ruskin ya rubuta cewa mai zane James Whistler yana neman guinea 200, wato sama da fam 200 kaɗan, don ya watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska. Whistler ya kai ƙara, aka zauna a Landan a 1878. Lauya ya tambaye shi ko aikin kwana biyu ne yake neman wannan kuɗi a kansa, ya amsa cewa a'a, ilimin da ya tara tsawon rayuwarsa yake nema wa kuɗin. Ya ci shari'ar, amma diyyar da aka ba shi ita ce tsabar kuɗi mafi ƙanƙanta ta Ingila a lokacin, kwata na kwabo ɗaya, kuma shekara mai zuwa ya tsiyace. Ko kotu ta yarda da shi ne da rabin zuciya.

Maganar 'yar firamare ma an gwada ta. A 2011 Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner na Boston College suka jera zane-zanen ƙwararru marasa siffar wani abu takamaimai kusa da na yara ƙanana da na dabbobi irin su birai da giwaye, suka ce mutane su zaɓi wanda ya fi. Kusan sau biyu cikin uku na ƙwararrun aka zaɓa, har da waɗanda ba su karanci zane ba. Masu zane suna son wannan sakamako, amma ni nakan tuna musu cewa sau ɗaya cikin uku yaron ko birin ne ya ci. Mai gunagunin nan bai yi daidai ba, amma ba shirme zalla ya faɗa ba.

To yaya aka kai ga 4,000 ɗin? Ba wai a kalli zane a ji ya yi kyau a sa masa kuɗi ba. Akasarin masu zane da girma suke lissafi: tsawo sau faɗi, ko tsawo da faɗi a haɗe, a ninka da wani adadi da ya dace da matsayin mai zanen. Adadin nan yana hawa a hankali gwargwadon yadda kaya ke fita. Masanin zamantakewa Olav Velthuis, wanda ya yi nazarin dillalan Amsterdam da New York, ya nuna cewa zane biyu masu girma ɗaya na mutum ɗaya kusan kullum farashinsu ɗaya ne, ko da kowa ya san ɗaya ya fi ɗaya kyau, kuma rage farashin da aka taɓa sa wa aiki abin gudu ne, domin ana karanta shi a matsayin alamar tauraron mai shi ya fara dusashewa. Wannan yana da amfani gare ki. In zane biyar masu girma ɗaya suna rataye da farashi ɗaya, wanda ya fi su kyau shi ne mafi araha.

Ba zan wanke masu rumfa tas ba. Wasu sukan rataye ƙaton zane na dala 15,000 a bangon baya, ba don suna tsammanin zai fita ba, sai don na 1,200 da ke gefensa ya zama kamar ragi. Jan ɗigon da ake mannawa a takardar abin da aka sayar shi ma yana aiki a zuciyar mai kallo, yana sa shi jin za a riga shi. Akwai kuma masu saye waɗanda tsadar ce kanta ke jan su, abin da masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya bayyana tun 1899, kuma ana samun masu sa farashi don irinsu. Amma inda aka fi yi wa baƙo wayo shi ne wajen kwafi. Ana buga hoton zane da injin tawada a kan ƙyalle mai kyau, abin da suke kira giclée, wani lokaci a ɗan shafa masa fenti a sama, daga nesa sai ki rantse asali ne. Kwafi ba haram ba ne in an rubuta cewa kwafi ne kuma farashinsa ya nuna haka. Sai dai lamba irin 12/50 da ke ƙasansa, wato kwafi na 12 cikin 50 da aka buga, da 12/950 ba abu ɗaya ba ne, kuma dukansu daban suke da bugun hannu, wanda mai zanen ya sassaƙa faranti ko katako da kansa ya buga.

Yanzu tambayarki ta biyu. Dala 4,000 ɗin nan farashin sayarwar farko ne, daga hannun mai yi. Ranar da kika so sayarwa kin shiga wata kasuwa dabam, inda ba ruwan kowa da kuɗin otal ɗinsa ko shekarunsa na koyo. Abin da ake tambaya a can shi ne ko an taɓa gwanjon aikinsa, ko wani gidan tarihi ya ajiye, ko akwai mutum biyu da za su yi takara a kansa. Mafi yawan masu zane masu rai, har da gwanaye, ba su da wannan kasuwa sam. Manyan gidajen gwanjo ba za su karɓi aikinsu ba, ƙananan kuma sukan sayar da shi kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Labarin Banksy bai saɓa wa wannan ba, domin sunansa ya riga ya yi tsada kafin a kafa teburin. Mai rumfar da ya ce miki zanensa jari ne, a nan ne ya kamata ki fara shakkarsa, ba a kan farashin ba.

In kin koma kuma zuciyarki na nan a kan zanen, ki tambaye shi kai tsaye ko asali ne ko kwafi, da irin fenti da ƙyallen da ya yi amfani da su, da ko farashin ya haɗa da firam da kawowa gida. Ki duba shafinsa na intanet ki ga ko farashin can ya yi daidai da na rumfa. Ki nemi rasit mai sunan aikin da girmansa da shekararsa. Taya rabin kuɗi cin fuska ne a wannan wuri, amma neman ragin kashi 10 cikin 100 a kan babban aiki, ko in za ki ɗauki biyu, ba baƙon abu ba ne, muddin kin ja shi gefe ba a gaban sauran masu kallo ba. Da yawansu ma sun fi son ki biya kashi-kashi cikin watanni da su taɓa farashin da ke rubuce a takarda.