Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Baƙin Garin Jan Ƙarfe Ya Koma Ja Bayan An Sa Masa Lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Na haɗa baƙin garin jan ƙarfe mai ɗauke da oksijin, wato CuO, na shafa shi a takardar kabon domin in gwada sarrafa iskar kabon dayoksaid da wutar lantarki. Awon XRD, wato duba tsarin garin da hasken eksire, ya tabbatar mini CuO ne, amma da aka gama gwajin sai na tarar ya koma jaja-jaja. Malamin da ke duba aikina ya ce awon da na yi bai isa a gina sakamako a kansa ba. Shin wannan ba takurawa ba ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malaminka yana da gaskiya, kuma launin da ka gani da idonka shi ne hujjarsa. Ƙarfin lantarkin da ake buƙata kafin a taɓa kabon dayoksaid ya isa ya kwashe oksijin daga jikin CuO, ya mayar da shi Cu2O, wani garin jan ƙarfe mai ƙarancin oksijin kuma mai launin ja, daga nan kuma zuwa jan ƙarfe zalla. Ke nan abin da XRD ya auna a kan teburinka daban ne da abin da ya yi aikin a cikin ruwan gwaji. Haka ma abin yake a masana'antar metanol, inda tun 1966 da kamfanin ICI na Ingila ya fito da haɗin jan ƙarfe da zink da alminiyom, ana loda shi cikin tukunya yana tare da oksijinsa, sai an bi shi da iskar haidirojin kafin ya fara aiki.

Abin da ya sa ake tsananta bincike a kan jan ƙarfe shi ne aikin Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan, wanda ya nuna a 1985 da 1986 cewa wannan ƙarfe yana mayar da kabon dayoksaid zuwa iskar metan da etilin, alhali zinariya da azurfa suna tsayawa a kabon monoksaid. Daga baya an gano cewa ko yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a fuskar ƙarfen yana canza abin da zai fito: wata fuskar ta fi ba da etilin, wata kuma metan. Tunda aikin a fatar waje yake faruwa, na'urar da ke duba ciki ba za ta wadatar ba. XRD yana harba hasken eksire ne ya karanta tsarin da ke cikin jikin garin gaba ɗaya, kuma siririn ɓawon da bai da tsararren jeri yakan wuce shi bai gani ba.

Don haka ake komawa ga XPS, wani awon eksire mai karanta fatar waje kaɗai, wanda bai wuce zurfin nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Amma a nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa. Alamar jan ƙarfe zalla da ta Cu2O duka suna fitowa a kusa da 932.5 eV (ma'aunin kuzarin ilektiron), kusan a kan juna, ta yadda ba mai iya raba su da wannan layin kaɗai. Dole a duba layin Auger, wata alama ta daban da wannan awon ke bayarwa, inda tazararsu ta kusa kai 2 eV. CuO ne kawai mai sauƙin ganewa, saboda ƙarin tuddan da yake nunawa tsakanin 940 da 945 eV. Akwai kuma tarko na biyu wanda a ganina ya fi na farko haɗari. Da zarar ka ciro takardar kabon ɗin daga ruwa ka ratsa da ita cikin iska zuwa ɗakin awo, jan ƙarfen da ya yi sabuwar fata zai sake kama oksijin nan take. Idan ka ga Cu2O bayan haka, ba ka da hanyar rantsuwa cewa yana nan lokacin da lantarki ke gudana. Masana har yanzu suna jayayya a kan ko ragowar oksijin na taimaka wa aikin, kuma wannan ɗaukar samfur cikin iska na daga cikin abubuwan da suka tsawaita jayayyar.

Maganin da ya fi inganci shi ne a auna yayin da aikin ke gudana, da na'urar Raman mai amfani da hasken leza ko da hasken eksire mai ƙarfi na cibiyar sinkirotoron. Irin wannan cibiya babu ita a nahiyar Afirka. Akwai ESRF a Grenoble ta Faransa, da SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, kuma ana samun lokacin aiki a cikinsu ta hanyar rubuta buƙatar bincike.

Kafin ka kai can, akwai abin da ke hannunka. Ka maimaita XRD bayan gwaji, ka ɗauki hoton fuskar garin da madubin ilektiron kafin da bayan aiki, ka kuma auna faɗin fuskar da ke aiki ta hanyar lantarki, domin ƙaruwar wutar da ke gudana tana iya kasancewa saboda fuskar ta yi kaushi ne kawai. Ka adana samfur cikin kwalba mai iskar agon ko naitirojin, ka rubuta a rahotonka tsawon lokacin da ya yi a iska. Sannan ka ƙidaya abin da ya fito, na iska da na ruwa duka, domin masu bincike a Jami'ar Stanford sun lissafa sinadarai 16 da ke fitowa daga kabon dayoksaid a kan jan ƙarfe a 2012. Idan jimillar kason lantarkin da ka danganta ga kowane sinadari ba ta kusanci 100 bisa 100 ba, akwai abin da ya kuɓuce maka, kuma sai ka nemo shi kafin ka kai wa malaminka babin sakamako.