Tambaya da Amsa: Ƙaramin kan jirgina yana ɗingishi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa mai tururi, na ma'aunin HO, wanda ya shekara da yawa a ajiye cikin kwali. Da na ɗora shi a kan dogo na ba shi wuta, sai ya riƙa tafiya yana cijewa kamar mai ɗingishi. Na zuba masa mai har sau biyu, amma ba ta canza zani ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da farko ka ajiye kwalbar man nan, domin yawan mai yana janyo ƙura, kuma idan ya kai ga burushin injin lantarkin da ke cikinsa, wato 'yan guntayen da ke miƙa wa injin wuta, sai ya tare wutar, ciwo ɗaya ya zama biyu.

Samfurin HO, wanda aka ƙanƙanta sau 87 kuma yake tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, siffar jirgin tururi kawai gare shi. Abin da ke tura shi ƙaramin injin lantarki ne da ke ɗaukar wutar da ba ta wuce kimanin bolt 12 ba, daga dogo ta cikin ƙafafu. Saboda haka matsalarsa ko dai ta wuta ce ko ta ƙarafa, kuma wajibi ne ka rarrabe su kafin ka kwance ko noti ɗaya. Ka sa shi tafiya a hankali, ka kafa ido a kan sandar da ta haɗa ƙafafun. Idan tsayawar ba ta da ƙa'ida, yau nan gobe can, fitila kuma tana ƙyaftawa, datti ne. Ka jiƙa auduga da sinadarin isopropyl ka goge dogo da ƙafafu da siraran ƙarafan da ke gogar bayan ƙafa suna ɗaukar wuta, har sai audugar ta daina yin baƙi. Kada ka kankare da sanfefa, domin ƙarzar da za ta bari ita ce za ta riƙa tara sabon datti.

Sai dai kalmar ɗingishi da ka yi amfani da ita ta sa na fi zargin ƙarafa. Idan cijewar tana zuwa a wuri guda duk lokacin da ƙafa ta kewayo, to ka duba jerin ƙusoshin da sanduna ke maƙale a kansu. A yawancin jirage masu tururi, na gaske da samfurinsu, ƙusar ƙafar dama tana sāɓawa da ta hagu da digiri 90, wato kwatar zagaye, kuma dole kowane aksul, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, ya yi daidai da ɗan'uwansa. Da zarar ƙafa ɗaya ta zame a kan aksul ɗinta, ko da ɗan kaɗan ne, sandar za ta riƙa ja da turawa a lokaci guda. A tsofaffin samfura, sau da yawa robar da ke riƙe aksul ko ta giya ce take tsagewa saboda tsufa, kuma wannan sai canji; gam ba ya riƙe ta.

Hanyar tabbatarwa ita ce ka cire injin, bayan ka ɗauki hoton yadda komai yake, sannan ka tura gindin da yatsa a kan dogo. Mai lafiya zai gangara sumul. Inda ya cije, nan za ka tsaya ka duba ko sanda ta lanƙwashe tana taɓa kan ƙusa, ko zaren kafet ya nannaɗe aksul, abin da na sha cirowa da ɗan hantsaki. Ƙananan sandunan da ke kusa da silinda suna da laushi ƙwarai, don haka a miƙe su da lallami.

Tsohon giris da ya daskare a kan giya shi ma yana riƙe jirgin da ya daɗe a ajiye. Ka wanke shi, ka sa sabo kaɗan wanda ba ya cin roba, sannan ka ɗiga mai marar kauri da bakin allura a kan aksul da mahaɗar sanduna, ɗigo ɗaya a kowane wuri, ka goge abin da ya malalo. Daga nan ka bar shi ya yi tafiyar minti goma gaba, minti goma baya, ba tare da ka rataya masa tarago ba.