Amsa: ƙanenka da ya ci bak, Tawa ko Yamai?

Salam ɗan'uwa, barka da arziki. Ka ce ƙanenka ya samu bak seri A (ɓangaren adabi), kana tambaya ko ya tsaya Tawa ko ya tahi Yamai karatun jami'a, kuma nawa abin zai ci. To ni dai in droit ko gestion yake so ban ga dalilin tahiya ba, jami'ar Djibo Hamani nan Tawa tana da su, ga IUT (sashen koyon sana'o'in fasaha) ga sashen koyon malanta, kuma lisans shekara 3 ce ko ina tunda duk tsarin LMD ne, wato lisans, master, doktora. Karatun likita kam sai jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Maradi ko ta Damagaram, amma da seri A ma wannan zance bai taso ba.

Kuɗin inskripsiyon a jami'ar gwamnati ba su ne matsala ba wallahi, abin da ke cinye mutum shi ne hayar ɗaki da abinci da taksi da fotokopi, Yamai kuwa haya ba wasa, ɗakunan site, wato gidan kwanan ɗalibai, ba su isar kowa.

Zancen burs kuma ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai kuɗin tallahin karatu, ke da shi, suna duba makin da yaro ya samu a bak da shekarunsa, wanda bai samu ba yana iya neman aide sociale, wato ɗan taimakon kuɗi. Amma hwa ya lura sosai, yanzu komi cikin ordinateur yake, sunansa da ranar haihuwa su zama iri guda a takardar haihuwa da nasiyonalite da relebe (takardar makin bak), harahi guda ya bambanta sai dosiye ya tsaya. Kuma burs takan makara, ku tanadar mishi guzurin watannin farko.