Gadar masu tafiya a ƙasa za ta sauka a lambunmu na gado: muna iya hana aikin?

Wani mai karatu ya rubuto cewa gwamnatin jiharsu na shirin gina gadar masu tafiya a ƙasa wadda za ta tsallaka babban titi ta haɗa wurin shaƙatawa na garinsu da bakin kogi. An yi taron jin ra'ayin jama'a a unguwarsu, aka baje taswira, sai ya ga ƙafar gadar za ta sauka a lambun da suka gada daga kakansu, mai itatuwan mangwaro da gwaiba da rijiya da ɗaki biyu. Ya ce galibin waɗanda suka halarta sun ƙi amincewa, amma daga baya aka zo aka shafa jan fenti a katangarsu. Yana ganin tun da ba su yarda ba, kuma jama'a sun ƙi, aikin haramtacce ne, don haka yana so ya garzaya kotu.

Malam, ban ga takardunku ba, kuma dokokin tsara birane sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya wanda lauyan da zai riƙe takardun a hannu yana iya gyara wani sashe nasa.

Zan fara da inda kuskuren yake. A dokar Najeriya, gwamnati ba ta buƙatar yardar mai fili kafin ta karɓe shi domin amfanin jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Maris, 1978, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ya rage wa ɗan ƙasa shi ne haƙƙin zama da amfani. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi idan bukatar jama'a ta rinjaya, kuma da wuya wata kotu ta ce gadar da za ta raba mutane da tsallaka titi a guje ba ta cikin amfanin jama'a. Daɗewar lambun a hannun zuriyarku ba ta canza wannan ba. Abin da take yi muku shi ne, a ƙarƙashin sashe na 34, wanda ke riƙe da fili mai gini ko gyara a cikin birni tun kafin 1978 ana ɗaukarsa tamkar an ba shi takardar mallaka, ko da bai taɓa karɓar ta ba. Wannan yana ba ku damar a sanar da ku kuma a biya ku. Ba ya ba ku ikon hana aikin.

Haka batun taron yake. Taron jin ra'ayi ba zaɓe ba ne, kuma ɗaga hannu a cikinsa ba ya ɗaure hukuma. Amfaninsa shi ne ƙorafi ya shiga rubutaccen bayanin aikin, masu zane su amsa shi. Idan aikin na cikin waɗanda dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta shafa, kuma gini a gaɓar kogi yana iya shiga ciki gwargwadon girmansa, to akan baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su rubuta ra'ayinsu. Ko a nan ma doka ta ce a saurare ku ne, ba ta ce a bi abin da kuka faɗa ba.

Akwai wani abin da ba ka ambata ba, wato sunan kogin, kuma yana da muhimmanci. Dokar 1997 da ta kafa NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta sa faɗin mita 100 daga gaɓar kogunan da aka ayyana a ƙarƙashin kulawarta, kuma Neja da Binuwai da Kaduna da Sakkwato da Gongola suna cikin jerin. Idan lambunku ya faɗa cikin wannan tazara, ko cikin tazarar da dokar jiharku ta hana gini a gefen ruwa, ana iya cewa ɗakunan nan biyu ba su da izini tun asali, wanda hakan kan raunana neman diyyarsu. Ba na cewa haka ne. Ina cewa a sa safiyo ya auna kafin kowa ya ɗaga murya.

Yanzu ga inda kuke da ƙarfi. Jan fenti a katanga ba sanarwa ba ce a idon doka, kuma abin takaici ne yadda wasu jami'ai ke yin kamar ba su san haka ba, su bar iyali cikin fargaba ba tare da ko takarda ɗaya ba. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce sokewar ta kasance a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, a kuma isar da ita ga mai haƙƙin, sashe na 44 kuma ya tsara yadda ake isarwa: hannu da hannu, ko a bar ta a gidansa, ko ta wasiƙa mai rajista, sai idan an rasa sanin mai wurin ne ake liƙa ta a jikin ginin. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance ta 1991, ta nuna cewa sokewar da ba ta bi ƙa'ida ba ba ta da inganci. Saboda haka, muddin takarda ba ta iso ku ba, a fahimtata haƙƙinku na nan. Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin nasara, domin kuskure ne da hukuma ke iya gyarawa da sabuwar takarda cikin mako guda.

Game da diyya kuma, gara ka rage tsammani. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin fili a farashin dillalai. Abin da yake biya shi ne aikin da aka yi a kan filin: gini bisa kuɗin sake yin irinsa bayan an cire tsufa, itatuwa da amfanin gona bisa ƙiyasin jami'in gwamnati, da kuɗin hayar ƙasa na shekarar idan kun biya, sannan kuɗin ruwa idan an jinkirta biyan diyyar gini. Ƙiyasin itatuwa a wurare da yawa ƙasa yake da abin da mangwaro mai 'ya'ya ke kawowa a shekara, shi ya sa ake ɗaukar hoto, a ƙirga itace ɗaya bayan ɗaya, a samu ƙwararren mai ƙiyasta dukiya naku na kanku ya tsaya ranar da za a zo ƙirga. Saɓani kan adadin kuɗi kan fara zuwa kwamitin rabon filaye na jiha, kamar yadda sashe na 30 ya tanada. Dokar ta yi ƙoƙarin hana kotu duba adadin, amma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da biyan diyya cikin gaggawa da damar zuwa kotu a kanta, kuma akwai hukunce-hukuncen da suka fifita Kundin.

Kotu a buɗe take, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi, amma ba ita zan fara nuna maka ba. Alƙalai ba sa saurin ba da umarnin dakatar da aikin gwamnati idan kuɗi na iya maye asarar, shari'ar fili kuwa tana iya cin shekaru har gadar ta tsufa. Akwai kuma dokar da ke taƙaita lokacin shigar da ƙara a kan jami'an gwamnati zuwa wata uku; kotuna sun sha cewa ba ta shafi ƙarar neman fili ba, amma ban so ka jingina da wannan, ka rubuta ranar da kowace takarda ta iso ka.

Abin da nake ganin ya fi muku shi ne ku yi amfani da wannan lokaci da zane bai kammala ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matsar da matakalar gada 'yan mitoci, ko juya gangaren da keken guragu zai bi, abu ne da injiniya ke iya yi a takarda ba tare da asara mai yawa ba, amma da zarar an ba da kwangila an haƙa tushe, maganar ta ƙare. Ku rubuta wa ma'aikatar da ke da aikin da hukumar tsara birane, ku nemi kwafin taswira da bayanin taron, ku kawo wata mafita takamaimai maimakon ƙi kawai, ku kuma karɓi kwafi mai hatimin karɓa. Ku bi ta hannun mai unguwa da hakimi, domin masu aiki sun fi sauraron unguwa a kan mutum ɗaya. Idan matsarwa ta gagara, a nemi musayar fili, wanda sashe na 33 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba da dama a kai ga wurin da ke da gidan zama, tare da sanin cewa karɓarsa kan rufe neman diyya. Idan magana ta cije, jihohi irin su Kano da Legas suna da zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotu, kuma yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu a can tana da ƙarfin hukunci.

Tun da lambun gado ne, ba kai kaɗai ke da magana ba. Dukkan magada, har da 'yan'uwanka mata, su zauna su naɗa wakili a rubuce kafin a shiga kowace tattaunawa, kuma kada ɗayanku ya sa hannu a takardar karɓar kuɗi, komai ƙanƙantarsu, sai lauya ya karanta ta ya tabbatar ba a rubuta cewa su ne cikakkiyar diyya ba.