Tambayi Mai Gini: An maido mini da zanen ɗakunan haya saboda ramin masai

TAMBAYA: Salamu alaikum, Baba. Ni ɗan wani ƙaramin gari ne kusa da Tahoua, na daɗe ina cirani a Abijan. Da abin da Allah ya hore mini na sayi fili, mita 20 a bakin hanya, mita 30 zuwa ciki. Ina so in gina ƙananan ɗakuna shida, kowanne da ƴar barandarsa, in ba malaman makaranta da ma'aikatan da ake turowa garinmu haya. Magini ya yi mini zane, na kai ma'aikatar magajin gari neman izinin gini, sai aka maido mini da shi. Wai ba a nuna iyakokin filin ba, kuma ramin masan da muka sa a kusurwar baya ya matse rijiyar garkar maƙwabcina, wadda ke kamar mita 10 daga katangata. Garinmu fa ba Yamai ba ne, kakanninmu sun haƙa salga ba su nemi izinin kowa ba. Anya wannan ba neman na goro ba ne? Siminti na riga na saya, ga damana na tahowa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa guminka albarka. Zan faɗa maka gaskiya ko ba ta yi daɗi ba: ma'aikacin nan ya yi aikinsa, kuma da ni ke zaune a kujerarsa, ni ma da na maido maka da takardar.

Salgar kakanninmu busasshen rami ce, ba a zuba mata ruwa sai ɗan na buta, kuma gida da gida akwai tazara. Kai abin da za ka gina dabam ne. Ɗaki shida, mutum biyu a kowanne, ga mai gadi da iyalinsa, ka tasam ma mutum 15, kowa na kora bayan gida da bokiti. Ruwan nan dole ya je wani wuri. Fos ɗin da magina ke ginawa, wato ginannen ramin masai mai rufi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Aikinsa kawai ya riƙe ƙazantar kwana biyu ko uku, mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce zuwa rami na biyu inda ƙasa za ta tsotse shi. Ƙasar ce ke tace shi sannu a hankali, kuma tana bukatar wuri kafin ta gama. Shi ya sa masana tsabtar muhalli suka tsaya a kan mita 30 tsakanin ramin tsotsewa da duk wata rijiya, sannan gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi a bisa inda ruwan ƙasa ke tsayawa.

A Adar, wato yankin Tahoua, wannan magana ta gindin rami tana yaudarar mutane. A kan tudu sai ka fasa dutse ka yi ta nutsawa ba ka ga laima ba, har mutum ya ɗauka ko'ina haka yake. Amma da ka gangara fadama, inda ake garkar albasa da kabeji, gaba biyu ko uku ka tarar da ruwa. Tunda maƙwabcinka yana da rijiyar garka a bayan katangarka, filinka na gefen fadama ke nan. Je ka leƙa rijiyar, ka zura igiya ka auna, sannan ka tambayi mai ita inda ruwan ke kaiwa a ƙarshen Agusta. Da wannan awon na damana za ka yi lissafi, don na watan Afrilu zai ruɗe ka. Kada ka ce ai rijiyar ban ruwa ce: masu aikin garka daga ita suke sha, da ruwanta ake wanke salad da tumatir a kai kasuwa. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, jihar Tahoua na cikin inda ta fi taɓawa, kuma hanyarta ke nan, daga bayan gida zuwa ruwan sha.

Maganar izini kuwa, dokar tsara birane ta 2017 ba ta ware Yamai ita kaɗai ba, kuma tun 1993 ƙasar nan ke da dokar tsabtar jama'a. Abin da ake nema a zanenka ba shi da wuya. A nuna turakun iyaka huɗu yadda mai awon filaye ya kafa su, daidai da abin da ke cikin takardar mallakarka. A nuna hanya, da arewa, da gefen da ruwan sama ke gangarawa, da mazaunin kowane ɗaki, da fos da ramin tsotsewa, da rijiyoyin maƙwabta, kowanne da tazararsa a rubuce da mita. Na sha ganin an rushe katangar da ta shiga hanya da taku biyu, don kawai mai ita ya amince da awon ido.

Ga inda maginanmu ke tafka kuskure, kuma yana ci mini rai. Sai su fara jera ɗakuna su cike fili, abin da ya rage a lungu shi ne rabon masai. Kai ka juya aikin: fara zana ramin, ɗakuna su biyo baya. Filinka na da zurfin mita 30, rijiyar na mita 10 a bayansa. In ka kawo ramin tsotsewa gaba, kamar mita uku daga katangar bakin hanya, tazarar ta haura mita 35, matsalar ta kau ba ka sayi ko taku ɗaya na ƙarin fili ba. Sai dai tunda ƙasar na gangarawa baya wajen fadama, tiyo ba zai hau tudu da ƙazanta ba. Don haka kada ka yi wa kowane ɗaki nasa makewayi. Gina makewayi uku a jere kusa da ƙofar gida, ka ɗan ɗaga daɓensu, ka sa tiyo mai faɗin milimita 100 da gangaren santimita biyu a kowace mita. Ka gaya wa magini tun yanzu ya juya mazaunin kudu da arewa, kada mai shiga ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, don gyara wannan bayan an zuba kankare asara ce. Wata ribar kuma, ranar da fos ya cika, motar yasa za ta tsaya a bakin hanya ta zura tiyonta, ba sai an fasa katanga ko an ratsa tsakar gidan ƴan haya ba.

Girman fos, ga lissafi a sauƙaƙe. Mu ce kowane mutum lita 40 a rana: mutum 15, lita 600. Riƙon kwana uku, lita 1,800. Laka kuma tana taruwa kamar lita 40 ga mutum a shekara, shekara uku ta ba da wata lita 1,800. Jimla 3,600, sai ka cike zuwa 4,000. Tsawo mita 2.4, faɗi 1.2, zurfin ruwa 1.4, da ƙarin santimita 30 na iska a sama. A raba shi gida biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Bulo cikakke marar rami za a sa, a zuba kankare a gindi, a yi shafe mai kyau a ciki, a fitar da tiyon iska sama da rufi da raga a bakinsa saboda ƙuda da sauro. Kafin a rufe, cika shi da ruwa, ka yi alama da alli, ka dawo washegari. In ruwan ya sauka, yana yoyo, kada ka biya cikon kuɗin magini sai ya gyara.

A wurin ramin tsotsewa ma yi gwaji: haƙa ɗan rami, ka jiƙa shi sosai yau, gobe ka cika ka gani. In ruwan ya wuni bai motsa ba, laka ce, rami mai zurfi ba zai yi maka amfani ba, gara dogon wuriri marar zurfi da aka cika da tsakuwa.

Na goro kuwa, duk kuɗin da aka ce ka biya, nemi takardar shaidar biya mai hatimi. Simintinka ka ɗora shi bisa katako, nesa da bango, ka lulluɓe da leda, kada ya wuce wata uku a ajiye. Gyaran zanen aikin ƴan kwanaki ne, kuma ko kafin ruwan farko ya sauka kana iya gama fos da harsashi.

TAMBAYA: Malam, ni mazauniyar Yamai ce, gidanmu na kusa da kogi a ɓangaren Harobanda. Duk damana sai fos ɗinmu ya cika, ko da ba a daɗe da yashe shi ba. Yara sun ce za su shiga su kwashe da bokiti.

AMSA: Hajiya, don Allah ki hana su. Iskar da ke taruwa a cikin fos tana sumar da ƙato cikin ƙiftawar ido, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. A kira mota.

Abin da ke cika shi ba daga gidanki yake fitowa ba, ruwan ƙasa ne ke tasowa ya shiga ta tsagar bango ko ta ramin tsotsewa. Unguwannin bakin kogin Isa haka suke, kin dai ga yadda ruwa ya mamaye Lamorde da Kirkisoye a 2020. Bari sai bayan kogi ya ja, a yashe, iska ta shiga sosai, magini ya toshe tsagogin ya sake shafe. A ɗaga bakin fos ya fi tsakar gida tudu, a kuma karkatar da indararo kada ya zuba kusa da shi. In ramin tsotsewar ya kai ga ruwan ƙasa, a cike shi da ƙasa, a yi wani marar zurfi a wurin da ya fi tudu a gidan.